Amsoshin tambayoyin manoma: idan ruwa ya kwanta a gona, me ya kamata a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gonata tana cikin wani kwari a gefen Daura. Marka ta sa ruwa ya kwanta kwana huɗu, ganyen masarata ya koma ruwan ɗorawa. Mai shagon taki ya ce in sayi buhun yuriya in zuba. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri. Riƙe kuɗinka tukuna, domin masararka ba yunwa ce ta fara kama ta ba, numfashi ne ya gagare ta.

Saiwa tana shaƙar iskar oksijin daga 'yan ƙofofin da ke cikin ƙasa. Da ruwa ya cike su, shi ke nan, don iskar nan tana ratsa ruwa da jinkirin da ya kai kusan sau 10,000 idan aka gwada da tafiyarta a sarari. Sai ƙwayoyin saiwar su koma narka sukari ba tare da iska ba, kamar yadda ƙullun koko ke tsami. Ƙarfin da suke samu ta nan ƙalilan ne: inda a da ƙwayar sukari ɗaya ke ba su awon ƙarfi kusan 30, yanzu 2 kacal. Saiwar da ke wannan hali ba ta iya jan taki, ko ruwan ma ba ta jansa sosai. Shi ya sa za ka ga shuka tsaye cikin ruwa amma tana yaushi.

Shukar kuma ba ta zauna haka ba. Wata iska mai suna etilin tana taruwa a jikinta, ta sa wasu ƙwayoyin cikin saiwa su mutu domin a samu hanyoyin da iska za ta sauko daga kara, ta kuma sa sababbin saiwoyi su tsiro a gindi. Wannan shi ne abin da za ka duba. Fara buɗe wa ruwan hanya. Idan ƙasa ta tsane, tuge shuka biyu ko uku. Saiwa fara mai ƙwari na nufin akwai rai, sai ka sayi yuriya daidai ƙarfinka ka binne ta kaɗan-kaɗan, don gaskiya ne ruwa ya tafi da wani kaso na takin farko. In ta yi baƙi, ta yi laushi tana wari, kada ka ƙara asara a kan asara.

Tambaya: Ina noman shinkafa a fadama kusa da Jibiya. An kawo mini wani iri mai tsada, wai ambaliya ba ta kashe shi. Gaskiya ne?

Amsa: Akwai shi, amma da iyakarsa. A 2017 Najeriya ta fitar da FARO 66 da FARO 67. Suna ɗauke da ƙwayar gado mai suna SUB1A, wadda aka samo daga wata tsohuwar shinkafar Indiya, FR13A. Shinkafar da aka saba da ita, in ruwa ya shanye ta, miƙewa take yi da gaggawa don ta kai sama, ta ƙarar da abincinta ta mutu. Mai SUB1A lafewa take yi, ta adana ƙarfinta har kusan mako biyu, ruwa na janyewa ta ci gaba da girma.

Saboda haka, Alhaji, in ruwan fadamarka mai zuwa ya wuce ne, kuɗin ya cancanta, ni ma shi zan zaɓa. In kuwa yana yin wata guda a kwance, wannan irin ba zai cece ka ba. Kuma ido ba ya bambance shi da sauran shinkafa, don haka kada ka karɓi na awo a kwano. Nemi buhu a rufe mai sunan irin da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, ko ka bi ta hannun malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina.