Za a iya matse layin ƙofar trotro don a samu wurin kujera?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Suwame Magazin, Kumasi. An kawo mini mota Sprinter ta ɗaukar kaya in mayar da ita trotro, wato motar haya ta fasinja. Mai motar yana so in cike ramin matakalar bakin ƙofa, a sa kujerar yaron mota a wurin. To, layin ƙasa da ƙofar ke bi a cikin ramin yake, kwanarsa kuma ta shige can ƙarƙashin daɓe. Zan iya yanke kwanar in matse ta, ko in cire layin ƙasan gaba ɗaya in bar sauran biyun su riƙe ƙofar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Masta. Batun cirewa dai ka bar shi. Matsewa kuwa da ɗan hali, amma ba a kwanar za ka samu wurin da kake nema ba.

Ƙofar zamiya kamar tukunya take a kan murhu, duwatsu uku ne suka ɗauke ta. Rola, wato 'yar tayar da ƙofar ke gudu a kanta, ɗaya tana sama ta gaban ƙofar, tana bin layin da ke gefen rufi. Ɗaya tana ƙasa, ita ma ta gaba, a ramin da kake magana. Ta uku tana tsakiya ta bayan ƙofar, tana bin layin nan da ake gani a jikin mota daga waje. A yawancin motoci ta sama ba ta ɗaukar nauyi, aikinta kawai ta hana kan ƙofar karkata waje. Nauyin, wanda a babbar ƙofa mai gilashi yakan haura kilo 30, a kan ta tsakiya da ta ƙasa yake. In ka cire ta ƙasa, ka ɗora wa ta sama kayan da ba a ƙera ta dominsa ba, gindin ƙofar kuma ya rasa mariƙi. Ranar da yaron mota ya finciko ta a tashar Kejetiya motar ba ta gama tsayawa ba, a ƙasa za a tsince ta, Allah ya sa ba a kan ƙafar fasinja ba.

Sai kwanar, wadda ita ce zuciyar maganar. Idan ƙofa tana rufe, dab take da jikin mota, ta danne roba. Kafin ta zame baya dole ta fito waje gwargwadon kaurinta da ɗan rata, in ba haka ba ta karce fenti. Kwanar da ke bakin kowane layi ita ce ke fito da ita, ita ce kuma ke mayar da ita. Kwanonin uku an auna su ne tare, su shigar da sama da ƙasa da baya a lokaci guda. Ka canza ɗaya kaɗai, ƙofar za ta riƙa shiga a murɗe: ƙasa ta riga sama, makulli ya kama rabi, ruwan sama ya samu hanya.

Ɗauko kan rolar tsakiya ka duba da kyau, ita ce ta fi nuna abin. Akwai babbar taya guda da ke tsaye, ita ke ɗaukar nauyi, sai ƙanana biyu a kwance da ke gudu cikin kwaroron layin, su ne masu jagora. Biyun nan a miƙe suke da juna, layin kuwa a lanƙwashe. Muddin kwanar tana da faɗi, suna wucewa sumul. Da ka matse ta, ta gaba ta dafe bango ɗaya, ta baya ta dafe ɗayan, sai ka ji ƙofa ta cije. Kana iya kusanto da su, amma kan rolar zai fara rawa. Kana iya faɗaɗa kwaroron, amma ƙofar za ta dinga kwaramniya tun daga Abuwabo har Tafo. Ga kuma wata: kwana mai tsanani tana juya ƙarfin turawa ya bugi bangon layi maimakon ya danne roba, shi ya sa irin waɗannan ƙofofi sai an maka su sau biyu, boris ɗin da ke cikin rola kuma ba ya daɗewa.

Su kansu manyan kamfanoni da wannan suke fama, kuma ko wanne ya biya wani abu. Chrysler a motocinsa na 1996 bai rage layin tsakiya ba, ɓoye shi ya yi a ƙarƙashin gilashin baya. Ford B-Max ta 2012 ta rabu da ginshiƙin tsakiya don bakin ƙofa ya buɗe, sai da aka mayar da ƙarfin ginshiƙin cikin ƙofofin. Manyan bas ɗin Kumasi zuwa Ankara, babban birnin Gana, da yawansu ba su da layi sam, hannu ne mai juyawa da iska ke fito da ƙofar, amma wannan yana son tankin iska da sarari a gefe, abin da tasha mai cunkoso ba ta bayarwa.

To ina wurin yake? Sama da layin. Hannun rolar ƙasa siriri ne, hanyar da yake sharewa ba ta cinye zurfin ramin duka ba. Ka buɗe ƙofar a hankali, ka bi hannun da alli daga rufe har buɗe, ka ga iyakar inda yake kaiwa. Duk abin da ke sama da nan naka ne. Ka rufe shi da faranti mai kauri, ka bar ratar yatsa biyu, kuma da noti za ka ɗaure shi, ba walda ba, domin wata rana sai an canza rola. Ƙafafun kujerar kuwa a kan ƙarfen daɓe za su zauna, ba a kan farantin ba. Kada ka toshe ramukan zubar ruwa, tsatsa daga nan take farawa. Miƙaƙƙen ɓangaren layin ana iya rage shi daga baya a matso da abin tsayarwa, sai dai santimita 10 da ka yanke, santimita 10 ce ta ragu a bakin ƙofa, mai kwandon kasuwa kuwa ba za ta gode maka ba. Ni da zan ba mai motar shawara, kujera mai naɗewa ta fi masa wannan duka.

In har sai ka canza layi, ka sayo ukun daga mota ɗaya tare da rololinsu. Ka lura da gefe: tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, ƙofar trotro tana dama, layin motar da aka yi don titunan Ingila ko Japan kuwa galibi na hagu ne, kwanarsa a juye take. Ka fara ɗige walda kaɗan-kaɗan, ka rataya ƙofa ka gwada, sannan ka ƙarasa, saboda zafi yana murɗe layi. Ka daidaita haƙoran nan da ke shiga ginshiƙi idan an rufe, su ne ke riƙe ƙofar a kan hanya mai gargada, rola ta huta. Giris kuma kaɗan, a kan boris da fil ɗin da kan rolar ke juyawa. Wanda aka lafta cikin kwaroro, ƙurar hunturu na sauka a kansa yake fara cin rolar, don haka a goge layin da tsumma duk sati.