Tambaya da Amsa: In Jam'iyyarka Ta Saɓa Alkawari, Ina Za Ka Kai Ƙuri'arka?

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga siyasar Amurka da Birtaniya, inda masu ra'ayin mazan jiya ke ta kokawa da jam'iyyunsu, wasunsu har suna haramar komawa ƙananan jam'iyyu. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Assalamu alaikum. Ina yawan jin magoya bayan jam'iyyar Republican suna sukar shugabanninsu fiye da yadda suke sukar 'yan Democrat. Wai me aka yi musu ne?
*Daga wani malami mai bibiyar labaran ƙetare*

Wa alaikumus salam, Malam. Kukan nasu ba na banza ba ne, kuma ya daɗe. Mai ra'ayin mazan jiya a Amurka abu uku ya fi zaɓar Republican dominsu: rage haraji, rage kashe kuɗin gwamnati, da tsaurara shige da fice. A 1988 George Bush babba ya tsaya gaban taron jam'iyya ya yi alkawarin ba zai ƙara haraji ba, sai ga shi a 1990 ya sa hannu kan kasafin da ya ƙara. Ɗansa, George W. Bush, ya tarar da bashin ƙasa bai kai dala tiriliyan 6 ba a 2001, ya bar shi ya haura tiriliyan 10 a 2009. A wa'adin Donald Trump na farko bashin ya ƙaru da kusan tiriliyan 8, ko da yake annobar korona ta ci kaso babba a ciki. Sai kuma dokar inshorar lafiya ta Obama: shekara bakwai jam'iyyar tana neman ƙuri'a da alkawarin soke ta, amma da ta samu fadar shugaban ƙasa da majalisu biyu a hannu, yunƙurin ya faɗi a majalisar dattawa a watan Yulin 2017, ƙuri'a 49 da 51, sanatocinta uku ne suka ƙi.

Wanda ya bi gida gida yana roƙon ƙuri'a, ya ba da kuɗinsa, sannan ya ga haka, dole ya ji kamar kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai a lura, masu fushin ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu cewa jam'iyyar ta yi sanyi da yawa, akwai kuma waɗanda suka bar ta tun 2016 saboda suna ganin ta yi watsi da cinikin ƙasa da ƙasa ba shinge da kuma ƙawancen ƙetare. Wannan rabuwar ita ce matsalar farko ga duk mai son tara su a sabuwar inuwa.

Ina zaune a Amurka, na samu takardar zama 'yar ƙasa, kuma ra'ayina na mazan jiya ne. Na gaji da Republican, ina so in zaɓi ƙaramar jam'iyyar Libertarian, mai son a rage sa hannun gwamnati a rayuwar jama'a. Maigidana ya ce asarar ƙuri'a zan yi. Gaskiya ne?
*Daga wata Hajiya*

Hajiya, maigida yana da rabin gaskiya. Sauran rabin ya dogara ne da jihar da kike zaune.

Ga yadda ake ƙirgen. Ba yawan ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ke naɗa shugaba ba. Akwai wakilan zaɓe 538 da aka raba wa jihohi da babban birnin tarayya, wanda ya samu 270 shi ya ci. A jihohi 48, wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a guda ya fi, shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya. Maine da Nebraska ne kawai ke raba wasu bisa mazaɓu. Shi ya sa Ross Perot, attajirin da ya tsaya takara a matsayin mai zaman kansa, ya samu kusan kashi 19 cikin 100 a 1992, mutum kusan miliyan 20, amma bai tashi da wakili ko ɗaya ba. Ɗan jam'iyya ta uku na ƙarshe da ya ci jihohi shi ne George Wallace a 1968, ya samu wakilai 46, don ƙuri'unsa sun taru ne wuri guda a kudu. Ƙuri'ar da ta bazu ko'ina kaɗan kaɗan ba ta haifar da komai a wannan tsari. Wani masanin siyasa ɗan Faransa, Maurice Duverger, ya yi bayanin haka tun shekarun 1950: inda zagaye ɗaya ake yi, na ɗaya ya kwashe duka, jam'iyyu kan taƙaita zuwa biyu, saboda mai zaɓe yana tsoron ya taimaki wanda ya fi ƙi.

Tsoron kuwa yana da tushe. A 2020 Joe Biden ya ci Jojiya da ratar ƙuri'a 11,779, alhali 'yar takarar Libertarian, Jo Jorgensen, ta samu sama da 60,000 a jihar. A Arizona ratar 10,457 ce, ita kuma ta samu kusan 51,000. Ba mu ce duk waɗannan mutane da Trump za su zaɓa ba, don da yawansu da gida za su zauna, wasu ma Biden za su ba. Amma a jihar da ratar ta yi ƙanƙanta haka, mai barin Republican ya san yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago. Babban misali shi ne 1912: Theodore Roosevelt ya fice daga Republican ya kafa tasa jam'iyyar, ya samu kashi 27, shugaba mai ci William Taft ya samu 23, Woodrow Wilson na Democrat ya ci da kashi 42 da wakilai 435. Haɗa biyun farko ki gani.

To, ga abin da za ki yi. Ki duba sakamakon jiharku a zaɓukan shugaban ƙasa uku da suka wuce. In ratar tana wuce kashi 10 kowane lokaci, kamar California ko Oklahoma, ƙuri'arki ba za ta sauya wanda zai ci ba, don haka ba ta ga ƙaramar jam'iyya yana da amfani na zahiri: jam'iyyar da ta kai kashi 5 a faɗin ƙasa tana cancantar tallafin gwamnatin tarayya a zaɓe na gaba, kuma a jihohi da dama wani kaso da doka ta yanke shi ke ba ta damar ci gaba da zama a takardar zaɓe ba tare da sake tara sa hannu ba. Gary Johnson na Libertarian ya samu kashi 3 da ɗoriya a 2016, bai kai ba. In kuwa ratar jiharku ba ta wuce kashi 2 ko 3, sai ki tambayi kanki ko za ki iya jure shekara huɗu na wanda kika fi ƙi. In kina Maine ko Alaska, da sauƙi, domin can ana jera 'yan takara ne bisa fifiko: ki sa Libertarian na ɗaya, Republican na biyu, in na farkon ya faɗi a mayar da ƙuri'arki ga na biyun.

Kada kuma ki manta takardar ba kujerar shugaban ƙasa kaɗai ke cikinta ba. Doka ba ta hana ki zaɓi wata jam'iyya a sama, wata a majalisar jiha ko ƙaramar hukuma ba.

In jama'a sun gaji haka, me ya hana wani attajiri ya kafa sabuwar jam'iyya kawai?
*Daga wani ɗalibin jami'a*

Ɗan'uwa, kuɗi suna taimakawa, amma ba su ne duka ba. Amurka ba ta da rajistar da za ta sa sunan jam'iyya a takardar zaɓen ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da dokarta, wato aiki hamsin ne daban daban, kowane da wa'adinsa. A Louisiana ɗan takarar shugaban ƙasa na iya biyan dala 500 ya shiga. A Texas kuwa, mai zaman kansa sai da ya nemi sa hannu sama da 113,000 a 2024, cikin 'yan makonni, kuma daga mutanen da ba su jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa na manyan jam'iyyun ba. Jojiya tana neman sa hannun kashi 5 na masu rajista a mazaɓa kafin ɗan ƙaramar jam'iyya ya tsaya takarar majalisar wakilai, kuma tun da aka kafa dokar a 1943 ba ɗan ƙaramar jam'iyyar da ya tsallake ta.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen tantancewa. Ana soke sa hannu idan adireshin bai yi daidai da na rajista ba, ko mutumin ya sa hannu sau biyu, ko ya sa a takardar wata gunduma, ko mai tarawa bai cike shaidar rantsuwarsa daidai ba, wanda hakan kan jawo a yar da shafi sukutum. Don haka gogaggu ba sa tsayawa a adadin da doka ta nema, sukan ɗora rabinsa a kai, su kuma ajiye lauyoyi, domin babbar jam'iyyar da ke tsoron a ci mata ƙuri'a za ta bi layi layi tana ƙalubalanta. Yawancin jihohi kuma sun hana wanda ya faɗi zaɓen fidda gwani ya sake fitowa a wata jam'iyya a wannan zaɓen. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara a shekarar zaɓe ya makara.

Bayan wannan sai muhawarar talabijin. Hukumar da ta riƙa shirya ta tun ƙarshen shekarun 1980 ta gindaya sharaɗin kashi 15 a binciken jin ra'ayin jama'a daga shekarar 2000, kuma tun bayan Perot a 1992 ba ɗan jam'iyya ta uku da ya hau wannan dandalin. Ko an tsallake duk wannan, rikicin cikin gida na jira. Jam'iyyar Reform ta Perot ta samu kashi 8 a 1996, hakan ya ba ta tallafin fiye da dala miliyan 12 a 2000. Kuɗin ne suka raba kanta gida biyu, Pat Buchanan ya karɓi tutar, ya ƙare da ƙasa da rabin kashi ɗaya.

Amma ai a Birtaniya jam'iyyar Reform UK ta girgiza Conservative. Ba shi ke nan abin yana yiwuwa ba?
*Daga wani ɗan kasuwa*

Alhaji, ta girgiza ta ƙwarai, amma ka dubi lissafin zaɓen 4 ga Yulin 2024. Reform UK ta Nigel Farage ta samu ƙuri'a kusan miliyan 4.1, wato kashi 14, ta tashi da kujera 5 cikin 650. Liberal Democrats sun samu kashi 12, ƙasa da nata, suka kwashi kujera 72, saboda sun zuba ƙarfinsu a mazaɓun da suka san za su iya ci. Conservative ta faɗo zuwa kujera 121, Labour kuma ta samu sama da 400 da kashi 34 kacal. Masu fushin sun hukunta jam'iyyarsu, musamman kan alkawarin da shugabanta na lokacin, David Cameron, ya yi tun 2010 na rage yawan baƙi masu shigowa, bayan an cire masu fita, zuwa ƙasa da 100,000 a shekara, wanda ba a taɓa cikawa ba. Ladan hukuncin kuwa Labour ce ta karɓa.

Shiga takara a can ba wuya: fam 500 na ajiya da sa hannun mutum 10 a mazaɓa, a mayar maka da kuɗinka in ka kai kashi 5. Shi ya sa ƙananan jam'iyyu suka fi rayuwa a Birtaniya. A ganinmu, babbar nasararsu a tarihi ba a kujeru take ba. UKIP, jam'iyyar Farage ta farko mai neman ficewa daga Tarayyar Turai, ta samu kujera ɗaya tak a 2015 da ƙuri'a kusan miliyan 3.9, amma tsoronta na cikin abin da ya sa Cameron ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama tun 2013, wadda ta fitar da ƙasar daga Tarayyar Turai. A 2019 kuma Farage ya janye 'yan takarar jam'iyyar Brexit daga mazaɓu 317 da Conservative ta ci a 2017, don kada ƙuri'a ta rabu.

To wace hanya ce ta fi kai mai fushi ga biyan buƙata, fita ko zama?
*Daga wata ma'aikaciyar jinya*

Malama, fita ta taɓa yin aiki, amma da tsada. Ita kanta Republican sabuwar jam'iyya ce a 1854, ta gaji Whig da ta tarwatse kan batun bauta, Abraham Lincoln ya ci a 1860. A Kanada, jam'iyyar Progressive Conservative mai mulki ta dawo da kujera 2 a 1993, jam'iyyar Reform ta can, wadda masu ra'ayin mazan jiya da suka fusata suka kafa, ta samu 52. Sai da Liberal ta yi mulki har 2006, bayan ɓangarorin biyu sun haɗe a 2003, kafin Stephen Harper ya karɓa.

A Amurka mu mun fi ganin amfanin zaɓen fidda gwani, don mutane kaɗan ke fitowa, ƙuri'a ɗaya tana da nauyi. 'Yan Tea Party, wato masu ra'ayin mazan jiya da suka yi wa shugabannin Republican bore daga ciki, ba su kafa jam'iyya ba. Sun kayar da Sanata Bob Bennett a taron jam'iyya na Utah a 2010, da Sanata Richard Lugar a Indiana a 2012, sannan a 2014 wani malamin jami'a, Dave Brat, ya kayar da Eric Cantor, shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai, da ƙuri'ar da ba ta kai 40,000 ba. Wannan hanyar ma tana da haɗarinta: kujerar Lugar, 'yan Democrat ne suka ci ta a babban zaɓe.

Akwai kuma hanyar tsakiya a jihar Niyok, inda doka ta yarda jam'iyyu biyu su tsayar da mutum ɗaya. Jam'iyyar Conservative ta jihar, wadda aka kafa a 1962, takan ɗora ɗan Republican a layinta in ta yarda da shi, ta hana shi in ba ta yarda ba, kuma kowa na ganin adadin ƙuri'un da suka zo ta layinta. A 1970 ma ta tsayar da nata, James Buckley, ya ci kujerar sanata.

Mai son bin hanyar fidda gwani ya fara da duba ko zaɓen jiharsa na 'yan jam'iyya ne zalla. A jihohi irin su Fulorida da Pennsylvania, wanda ya cire sunansa daga Republican don fushi ya rasa damar jefa ƙuri'a a nasu. A Fulorida ana rufe sauya jam'iyya kwana 29 kafin ranar zaɓen, a Niyok kuwa tun 14 ga Fabrairu, alhali sai a watan Yuni ake zaɓen.