Ɓera yana yawo bayan tiyata, sai an ba shi maganin raɗaɗi?

Malam, ka tambaya ko ƙaramin ɓeran bincike (mouse) da aka yi wa tiyata yana buƙatar maganin raɗaɗi tunda yana yawo yana ci. Ƙwarai yana buƙata. A yi masa allurar maganin raɗaɗi mai suna buprenorphine ƙarƙashin fata, miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyinsa, tun kafin a tsaga, a maimaita duk awa 6 zuwa 8, da yardar likitan dabbobinku.

Ɓera abin farauta ne, ɓoye ciwo yake yi. Dubi fuskarsa: ido a ƙanƙance, kunne ya kwanta baya, gashi ya mimmiƙe. Inda ake yawan kuskure shi ne allurar safe kaɗai. Kafin dare maganin ya sake shi, alhali da dare ɓera ya fi motsi.