Amsar Yaya Hajiya kan maganar asibiti ga mai shirin yin ritaya a wata ƙasa

An rubuta wannan daga muryar da Yaya Hajiya ta turo zauren, saboda waɗanda ba su samu saurara ba. Alhaji ne ya yi tambayar: yana Amurka, shekararsa 64, zai ajiye aiki baɗi, yana tunanin komawa Sifaniya ko Fotugal ko Tailan da zama, yana son sanin yadda asibiti da kuɗinsa suke.

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Alhaji ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, ka yi haƙuri, idanun nan ba sa son dogon rubutu, shi ya sa na ce gara in yi murya. Za ta ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye sai dare.

Ka ce ka kalli wani bidiyo, mutumin yana cewa kuɗin ganin likita a can bai kai na cin abincin rana ba. Bai yi ƙarya ba. A Faransa ma ganin likitan unguwa yuro 30 ne tun Disambar 2024, kuma gwamnati na mayar maka da kashi 70 cikin ɗari idan kana cikin tsarinsu. Amma Alhaji, ganin likita bai taɓa talauta kowa ba. Na yi shekara 29 ina aikin jinya a Ingila, waɗanda na ga sun durƙushe, wankin ƙoda ne ya durƙusar da su, ko ciwon daji, ko shanyewar ɓarin jiki da ya kwantar da mutum shekara uku. To tambayar da za ka yi wa kowace ƙasa ita ce: ran da na kai 78, ga suga ga hawan jini, wa zai ɗauke ni?

Bari in fara da abin da za ka bari a baya, don a nan mutane suke yin asara ba su sani ba. Medicare ɗin da za ka shiga in ka cika 65, wato inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta tsofaffi, da ka tsallake iyakar Amurka, kusan ba ya biyan komai. Sashen A, na kwanciya asibiti, kyauta ne gare ka tunda ka yi aiki sama da shekara 10 kana biyan haraji, wannan ka karɓa ka ajiye, ba ya cin maka ko sisi. Sashen B, na ganin likita ba tare da kwanciya ba, shi ne abin tunani. A 2025 dala 185 ne duk wata. Mutum sai ya ce, to me zai sa in biya abin da ba zan mora ba? Ya ƙi shiga. Bayan shekara biyar ciwo ya taso, 'ya'ya suka ce Baba dawo gida mu kula da kai, ya dawo, sai a ce masa kowace shekara da ya yi a waje ba ya ciki, tarar kashi 10 ce a kan kuɗin wata. Shekara biyar, kashi 50 ke nan, kuma ba na wata ɗaya ba, har ƙarshen rai. Ni a ganina, in dai 'ya'yanka suna Amurka, kada ka saki igiyar nan. Ka lissafa kuɗin Sashen B ɗin a cikin kuɗin zamanka na can kawai, kamar kuɗin wuta.

Wani zai ce maka ai akwai Medigap, ƙarin inshorar da ake saya a kan Medicare, da ke biyan ciwon gaggawa a waje. Akwai, wasu daga ciki. Amma na matafiyi ne: kwana 60 na farkon tafiya, kashi 80 cikin ɗari, kuma dala 50,000 ce iyakarsa duk tsawon rayuwa. Wanda ya tattara kaya ya ƙaura bai shiga wannan lissafin ba.

Mu 'yan Ingila ma haka. Hajiya ƙarama, ke da kike Manchesta, saurara nan. NHS, hukumar lafiyar gwamnatin Birtaniya, ba ruwanta da jan fasfo ko shuɗi, ruwanta da inda kike kwana. Kin ƙaura, kin fita. In kika dawo ziyara aka kwantar da ke, a matsayin baƙuwa za a caje ki, kashi 150 cikin ɗari na farashinsu. Abin da ya cece mu shi ne wata takarda da ake kira S1. In kina karɓar fanshon gwamnatin Birtaniya kuma kika zauna a ƙasar Tarayyar Turai, sai ki yi rajista da ita, asibitin gwamnatin ƙasar ya duba ki kamar 'yar ƙasa, Birtaniya ta biya. Amma sai kin kai shekarun fansho, mu a lokacinmu 66 ne. Kai Alhaji babu irin wannan tsakanin Amurka da Turai, kada wani ya ruɗe ka da labarinmu.

To mu da muka zo Sifaniya a 2022, ina da 63, S1 ba ta zo ba tukuna. Bizar masu ritaya a nan tana son ka nuna kuɗin shiga wajen yuro 2,400 a wata, da inshorar lafiya ta kamfanin da ke da lasisi a ƙasar, wadda ba a cire maka komai daga aljihu in ka je asibiti. Nan muka ga abu.

Ina tuna ranar, muna zaune a teburin kicin, ni da maigida, fom a gabanmu shafi huɗu. Tambaya ta uku: shin an taɓa ba ka maganin hawan jini? Ya ɗago kai ya kalle ni, biro a hannu, ya ce, ai jinin nan ya sauka tuntuni, in sa a'a? Na ce wallahi ba da ni ba. Na san abin da ke faruwa. Ka ɓoye yau, su karɓi kuɗinka shekara biyu suna murmushi, ran da zuciya ta buga aka kai ka tiyata, sai su nemi takardunka na baya, su ga amlodipine tun 2014, su ce ka yi ƙarya, ba ko kwabo. Muka rubuta gaskiya. Kamfani na farko ya ce ba ya so kwata-kwata. Na biyu ya karɓe shi, amma da wasiƙar ta zo, ga wani layi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sai da na nemo tabarau: duk abin da ya shafi zuciya da jijiyoyin jini, babu su. Na ce masa, to malam, an yi maka inshorar karaya da mura. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Kuma kuɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowace shekara da ka ƙara sai ya hau, ko ka je asibiti ko ba ka je ba. Wasu kamfanonin tun daga 65 suke rufe ƙofa ga sabon shiga, wasu 70, wasu 75. Shi ya sa mai cewa bari in jira in ga, yana wasa da lokacinsa ne. Manyan nan na duniya, irin su Cigna Global da Allianz Care da Bupa Global, suna bin ka duk inda ka je, amma da tsada, kuma da ka ce a sa Amurka a ciki sai kuɗin ya yi tsalle.

Bari in sha ruwa.

Yauwa. Abin da ya ba mu numfashi shi ne, bayan shekara ɗaya da rajistar zama a ƙaramar hukuma, Sifaniya na barin ka sayi shiga asibitin gwamnati. Sunansa convenio especial. Yuro 60 a wata in ba ka kai 65 ba, yuro 157 in ka kai. Ba sa tambayar tsohon ciwo, kowa da kayansa ake karɓarsa. Aibinsa ɗaya, magani kai za ka saya da cikakken kuɗinsa. Yanzu da S1 ɗina ta fito, kashi 10 kawai nake biya a kantin magani, kuma akwai iyaka a wata. Kai ƙanena, 157 ɗin ce taka, ka rubuta.

Faransa, bayan wata 3 na zama bisa ƙa'ida kana iya neman shiga tsarinsu, sai ka ƙara da ƙaramar inshora da ke cike gibin. Fotugal, in ka samu takardar zama, sai ka yi rajista a asibitin unguwa su ba ka lamba. Kosta Rika kuma dole ne ma, duk mai takardar zama sai ya shiga asusun gwamnati da suke kira Caja, ana yanka maka gwargwadon fanshonka. Meziko ana sayen shiga IMSS, tsarin lafiyar gwamnatinsu, shekara-shekara, sai dai su akwai cututtukan da in ka zo da su ba za a ɗauke ka ba. Duk inda asibitin gwamnati yake kuwa, akwai layi. Maƙwabciyata ta jira aikin gwiwa har ta gaji ta je ta biya na kuɗi. Gaggawa ce ba a jira, wannan kam na shaida.

Tailan da ka ambata, asibitocin kuɗi na Bankok, irin su Bumrungrad, ba su da makusa, turawa ma can suke tafiya neman magani. Bizar ritaya daga shekara 50 ce, ka ajiye bat 800,000, kuɗin ƙasarsu ke nan, a banki ko ka nuna 65,000 a wata, kuma nau'in bizar da ake kira O-A na son inshorar da ta kai bat miliyan 3. Amma fa can babu wata rumfar gwamnati da za ka fake a ƙarƙashinta in ka tsufa. Kai da inshorarka ne da aljihunka. Ran da kamfani ya ce kuɗinka ya ninka kana da 76, ina za ka? In da lafiyarka garau ce da ban damu ba, amma ka gaya mana da bakinka kana shan metformin, maganin suga.

Akwai kuma wanda ba a sa shi a bidiyo: jinya. Ba tiyata ba, a'a, wanda zai ɗaga ka, ya yi maka wanka, ya ba ka abinci a baki. Yawancin inshorar lafiya ba ta biyan wannan, Medicare ma ba ya biyan dogon zaman gidan tsofaffi. Jamus sai da ta ware masa inshora tasa daban tun 1995. Ga kuma harshe. Na yi jinyar wani tsoho da ya shekara 40 yana turanci, da ciwon mantuwa ya kama shi turancin ya gudu, ya koma harshen uwarsa, muna tsaye a kansa ba mai gane abin da yake so. Ni kaina da na fara zuwa asibiti a nan, da waya nake fassara, ina nuna wa likita ciki da yatsa kamar yarinya. Ka fara koyon harshen tun yanzu, ko na sassan jiki ne.

Ka duba kuma ko takardar ta ƙunshi ɗauko marar lafiya a jirgi zuwa wata ƙasa, da mayar da gawa, Allah ya sa mu cika da imani. Jirgin marar lafiya dubban daloli ne masu yawa, 'ya'ya ne ake bari da bashin.

Sai magani. Kafin ka taso, likitanka ya rubuta maka sunan asali na kowane magani, ba sunan kamfani ba, da nauyinsa, don kwalin da ka sani da wani suna zai zo maka a can. Ka karɓi takardun asibitinka na shekarun baya gaba ɗaya. In za ka bi ta Dubai kana ɗauke da tramadol ko mai codeine, sai da izini tun kafin ka sauka, ba wasa suke yi ba.

Abin da nake so ka yi a makon nan, ka rubuta wa kamfani uku, ka faɗa musu shekarunka da sugan da komai, ka ce su ba ka farashi a rubuce, na yanzu da na mai shekara 75, da jerin abin da suka cire. In sun turo, ka ɗauki hoton shafin ƙarshe, mai ƙananan baƙaƙen nan, ka aiko min ta gefe in duba maka. Ka gaida Hajiya da yara. Maigida na ƙwala min kira, ƙarfe huɗu za a duba masa ido. Sai an jima.