Ruwan sama ya nutsar da kwale-kwalena a kwata: maigadi ne zai biya?

Tambaya: Barista, ina da kwale-kwale mai inji da nake jigilar mutane da kaya da shi a Yauri. Kullum da yamma a kwata nake ɗaure shi, kuma duk mako muna haɗa kuɗin gadi. A watan Agusta na yi 'yar tafiya, ban rufe jirgin da tamfol ba. Aka kwana biyu ana tafka ruwa, jirgin ya cika ya nutse, injin ya sha ruwa. Maigadin ya ce shi ɓarayi yake gadi, ba ruwan sama ba. Tunda na biya kuɗi, ai amana ce a hannunsa. So nake in kai shi wurin 'yan sanda ya saya mini sabon inji. Ina da gaskiya?

Amsa: Malam, Allah Ya mayar da alheri. Ɓangarenka kaɗai na ji, ban ga rasit ba, ban kuma san abin da kuka ƙulla da baki ba, don haka duk abin da zan faɗa yana iya sauyawa idan wata magana ta fito daga baya.

Batun 'yan sanda, ka cire shi daga ranka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba. Matuƙar ba cewa kake yi da gangan ya nutsar da jirgin ba, wannan rikicin dukiya ne. Idan ka sa aka tsare shi, yana iya juyowa ya yi ƙarar ka kan tauye masa haƙƙi, ka wayi gari kai ne ake nema da diyya.

Inda nake ganin ka fi yin kuskure shi ne ɗaukar da ka yi cewa biyan kuɗin gadi ya mayar da duk abin da ya sami jirgin a wuyan maigadi. Alƙali zai fara tambaya ne: kuɗin na mene ne? A dokar da muka gada daga Ingila, akwai bambanci tsakanin wanda aka danƙa wa kaya a hannu da wanda ya ba ka wuri kawai ka ajiye abinka. Idan an danƙa masa, wato jirgin ya koma ƙarƙashin ikonsa, shi ne zai nuna wa kotu cewa ba sakacinsa ya jawo asarar ba. Idan kuwa kai ka ɗaure jirginka a turkenka, ka zo ka kwance duk lokacin da ka ga dama ba tare da neman izinin kowa ba, to da wuya a ce an yi ajiya. Kamar mai ajiye mota ne a filin kasuwa ya tafi da makullinsa a aljihu. Daga bayaninka, lamarinka ya fi karkata ga na biyun, ko da yake ba zan yanke ba sai na ji al'adar kwatar.

Idan kotun shari'ar Musulunci ka nufa, kalmar amana da ka dogara da ita za ta fi taimakon maigadin. A fiƙihun Malikiyya, maigadi amintacce ne, kuma amintacce ba ya biyan abin da ya salwanta sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Hujja tana kanka a matsayinka na mai ƙara. In ba ka da shaidu, ana iya ba shi rantsuwa, ya rantse, magana ta ƙare a nan.

Sai tamfol ɗin. Lauyan da zai tsaya masa ba zai sha wahala ba, lissafi kawai zai yi a gaban kotu. Duk milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce, kilo 1. Jirgin da buɗaɗɗen cikinsa ya kai murabba'in mita 10, idan aka yi ruwa milimita 50 a dare ɗaya, ya tara lita 500, rabin tan ke nan, kuma ba mai kwarfewa. Ga nauyin inji a baya, ruwan duk can zai gangara har gindin jirgin ya duƙa, kogi ya fara shiga ta sama. Zai kuma tambaye ka: shekara nawa kana sana'ar ruwa? Ba ka san abin da Agusta ke yi ba? Me ya hana ka cire injin, ko ka jawo jirgin kan tudu, ko ka bar wa yaronka sallahun kwarfe ruwa? Ko da an sami maigadin da laifi, kotu tana iya rage diyyar gwargwadon naka sakacin, kuma ina jin kason ba zai zama kaɗan ba.

Ba ina cewa maigadin ya fita fes ba ne. Amsar nan tasa ta ɓarayi da ruwan sama ba ta burge ni ba. Mutumin da ake biya ya kwana a bakin ruwa, jirgi yana cika a gabansa dare biyu, ko kiran waya bai yi ba, akwai abin tambaya a kansa. Amma abin kunya daban, abin da doka ke tilasta biya daban. Ƙararka za ta yi ƙarfi ne idan kana da shaidar ɗaya daga cikin waɗannan: ka gaya masa za ka yi tafiya ya kuma amsa zai kula da jirgin, ko kwarfe ruwa yana cikin aikin da aka san masu gadin kwatar da shi, ko shi ne ya sauya wa jirgin wuri ya ɗaure shi da gajeriyar igiya, kogi ya ƙaru, igiyar ta danne kan jirgin. Wannan na ƙarshen shi ya fi nauyi, domin aikin hannunsa ne. Ka kuma bincika wa ya ɗauke shi aiki. Idan ƙungiyarku ce ke karɓar kuɗin tana biyansa, ita ce ta fi dacewa a tuhuma, kuma ita ke da abin biya.

Sabon inji kuwa, kada ka sa rai. Diyya tana bin kuɗin gyara ne ko darajar injin a ranar da ya nutse, kuma sai ka kawo hujjar kowace naira. Injin da ya sha ruwan kogi sau da yawa yana tashi idan bakanike ya buɗe shi da wuri, ya tsiyaye ruwan, ya wanke kabureta, ya sauya mai. Idan ka jingine shi a zaure kana jiran shari'a har tsatsa ta cinye shi, wannan ƙarin asarar taka ce. Ka ɗauki hotuna, ka kai shi gyara, ka riƙe rasit.

Akwai wata matsalar da mutane ba su cika sani ba. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar jiragen ruwa da zirga-zirga a kogin Neja da Binuwai da rassansu. Ni a ganina rikicinka na ƙaramar yarjejeniya ne, amma lauya mai son jan lokaci zai iya tayar da maganar hurumi, ku shafe watanni ba a taɓa zancen inji ba. Ana kuma iya tambayarka rajistar jirginka da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida. Sai ka auna kuɗin zirga-zirga da na lauya da ranakun aikin da za ka rasa, ka kwatanta da kuɗin gyara.

Shawarata ita ce ka kai maganar gaban Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyarku, ka je da takardar bakanike da shaidunka. Ka nemi a ɗauke maka wani kaso na kuɗin gyaran, daga asusun ƙungiya in akwai, ko a yafe maka kuɗin gadi na wani lokaci. Duk abin da aka amince a rubuta shi, kowa ya sa hannu, tare da ranar biya. A zaman ka nemi a fayyace a rubuce ko aikin maigadi ya haɗa da kiran mai jirgi idan ruwa ya fara taruwa. Idan sulhun ya ci tura, ka ɗauki takardun ka ga lauya ido da ido kafin ka shigar da ƙara.