Tambayoyinku kan hannun da ya shanye

Tambaya: Likita, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki yau kwana 5, hannun dama ko motsi ba ya yi. Ana iya gane ko zai dawo?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ana iya hasashe, kuma gwajin farko ko na'ura ba ya buƙata. A rana ta 3 akan ce mara lafiya ya ɗaga hannu gefe daga kafaɗa, sannan ya buɗe yatsunsa, kowanne a ba shi maki 0 zuwa 5, wanda ya haɗa 5 ko fiye galibi hannun nan zai yi amfani. To idan bai kai ba kamar Baba, sai a koma kan ƙwaƙwalwa, akwai na'urar maganaɗisu da ake kira TMS, ana ɗora ta a kai a ɗan tsikari wurin da ke juya hannu, in tsokar wuyan hannu ta amsa to hanyar saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa laka ba ta yanke ba, ko da a ido hannun kamar tsumma. Masana a Jami'ar Auckland ne suka fito da tsarin a 2017, sunansa PREP2, kuma yakan dace a kusan mutum 3 cikin 4. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, don haka ki riƙa lura da yatsun nan kullum, ɗan motsi kaɗan ma ki gaya wa likitansa.

Tambaya: An yi wa matata hoton CT ranar farko aka ce ba a ga komai ba, mutane na cewa iska ce.

Amsa: Malam ba iska ba ce. A awannin farko CT yakan rasa toshewar jijiya, an fi yin sa don a ga ko jini ya zuba. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi nunawa. Don Allah kar ku fitar da ita daga asibiti.

Tambaya: Wata 8 ke nan da ciwona, gashin asibiti na motsa hannu zai ƙara min wani abu kuwa?

Amsa: Zai ƙara, yayana. Watanni 3 na farko ne sauƙi ya fi sauri, amma bayan nan ma ƙwaƙwalwa na koyo in ana sa hannun aiki, ɗaukar kofi, ɓalle maɓalli, jan carbi, sau da yawa kowace rana. Abin da ke damuna shi ne masu jinya da ke jan hannun wajen tayar da mutum, kafaɗa na gocewa. Kuma maganin hawan jini kar ka bari ya yanke ko na kwana ɗaya.