Amsa ga mai tambayar gilashi mai faɗi: 10-18 ko Tokina 11-16?

Salamu alaikum. Ƙanena na Marwa, na ga tambayarka cewa kyamarar Canon 700D gare ka da gilashin 18-55, ɗakunan biki sun yi maka ƙunci, dangi ba sa shiga hoto ɗaya, kana neman a zaɓa maka tsakanin Canon 10-18 da Tokina 11-16. Wallahi sai na ji kamar ni na rubuta. Ka manna bayanka da bango, ka hau kan akwatin lefe, amma gwaggon amarya rabinta na waje.

18 ɗin nan naka ba 18 ba ne a wannan kyamara, domin sensarta (inda hoto ke sauka a ciki) ƙarama ce. Ka ninka da 1.6, ya koma kusan 29, kuma duk da lamba ta ƙaru hoto ke ƙuntata, shi ya sa kake wahala. 10 kuwa zai ba ka 16, ɗaki kaf ya shiga har da tabarma.

Amma kafin maganar wanne, bari in faɗa maka abin da wani ɗan kasuwa ya yi mini, don har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Ina Garwa, shi yana Duwala. Ya turo mini hotunan Tokina na hannu a WhatsApp, fes kamar sabo, ya rantse da Allah wani Bature ne ya sayar masa, ko wata shida bai yi da shi ba. Na tura kuɗi, ya sa a motar haya. Ranar Alhamis ya iso, Juma'a da safe ina da ɗaurin aure, da yamma kamu. A ɗan allon kyamara komai lafiya lau. Da na buɗe a kwamfuta, duk wanda ya tsaya ta hagu fuskarsa ta yi dishi-dishi, na dama kuma tas. Ashe gilashin ya taɓa faɗuwa, wani ya kwance ya ɗaura shi a karkace. Kuma wa ke zaune ta hagu a kusan kowane hoto? Kakar amarya, tsohuwar da aka ɗauko tun daga Ngaundere ba ta da lafiya. Hajiya uwar amarya ta tsayar da ni a zaure gaban mutane ta ce, "Malam mai hoto, da ka ce ba ka iya ba ai da mun nemi wani." Rabin kuɗina suka riƙe, ban iya buɗe baki ba. Na kira mutumin, ya ce a mota aka buga shi. Kwalin ko lotsawa bai yi ba! Na sake kira, ya ce in dawo da shi ya duba, amma kuɗin mota nawa. Daga nan ya daina ɗauka, bayan kwana biyu hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. An ce har yanzu yana sayarwa da wata lamba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, kada ka biya sai gilashin yana jikin kyamararka. Ka sami bangon bulo, ka tsaya daidai gabansa, ka ɗauka a f/2.8 ko iyakar buɗewarsa, ka zuƙo kusurwoyi huɗun ka gwada su da juna. Ka haska tocilan waya ta ciki, domin kayan kudu danshi na sa musu fumfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo-gizo. Wanda ya hana ka gwaji, ka kama hanyarka.

Zaɓin kuwa, ni da ni ne, da yawan aikinka a ɗaki ne da dare, Tokina zan ɗauka, duk da abin da ya same ni. f/2.8 nata na shigar da haske fiye da ninki biyu na f/4.5 na Canon, kuma ka san halin wutarmu. Kada wani ya ruɗe ka da IS (tsarin hana girgizar hoto) na 10-18: rawar hannunka yake tsarewa, ba ya tsayar da ƙawayen amarya suna rawa. Sai dai Tokina nauyi, ta haura rabin kilo, Canon kuwa giram 240 ne kuma ya fi araha. Tokina ba ta son fuskantar rana, sai ta watso maka tabon haske. Hotunan duwatsun Rumsiki da ka sa jiya sun yi kyau, ga irin wannan aikin rana 10-18 ya ishe ka har ya yi yawa. Sai dai ka sa wani abu kusa da kai, dutse ko jaki ko ɗan jagora, in ba haka ba tsaunin zai ƙanƙance can nesa.

Af, filashin kan kyamara kada ka dogara da shi a 10 ko 11, inuwar gilashin za ta fito baƙa a ƙasan hoto. Filashi na waje ka harba sama idan akwai farin silin. Kuma mata kada ka jera su a bakin hoto, gefe yana buɗa mutum, hajiya za ta ce ka ƙara mata ƙiba. Manya a tsakiya, ka bar fili hagu da dama, kyamara daidai ƙirji ba a ɗage ba.

'Yan Nikon da ke karantawa: tsohuwar Tokina 11-16 ba ta da injin juya fokas a ciki, ba za ta nemo fokas da kanta a D3200 ko D5100 ba, ku nemi mai alamar II. Kai ma in kana mafarkin kyamarar Canon 6D nan gaba, ka sani gilashin EF-S irin 10-18 ba ya hawa kanta.

Hunturu na tafe, ka daina canza gilashi a fili, musamman wajen hawan dawakin Lamiɗo, ƙurar nan kai tsaye take sauka kan sensa. In hanya ta biyo da kai Garwa, yi mini magana ta akwatin saƙo, Tokina ta biyun da na saya hannu da hannu tana nan, ka ɗaura a 700D ɗinka ka gani da idonka.